Maƙwabcina na Ikko

"Malam, taso ka gaisa da maƙwabcinka," in ji matata daga bakin taga, a safiyarmu ta farko a Ikko.

Ni ne na sayar da shanuna a Mubi, na rantse a gaban jama'a ni da kashin shanu har abada. Ko'ina haya ta fi ƙarfina, sai wannan ɗaki na Agege. Ni da ba na sayen saniya sai na duba haƙoranta, na kama ban tambayi dalilin arahar ba.

Na leƙa. Kasuwar shanu ce, ana sauke garke daga motar Gongola. Wani bijimi ya tsura min ido, da tsagar hannuna a kunnensa.

Ta ce, "Shi dai bai biya kuɗin mota ba."