Guɗar Ummu Wasim

Tun da sassafe Ummu Wasim ta tayar da matan tantunan da ke bayan rusasshen masallaci a Dairul Balah da ke Gaza. Yau za a kai ɗanta, kuma ta rantse ba za a kai shi shiru kamar wanda ba shi da uwa ba.

Abin biki kam babu. Dabino ne ɗan kaɗan a gwangwanin madara, sai sauran turare a gindin kwalba, wanda ta gudo da shi daga arewa tana ɓoyo saboda ranar auren Wasim. Buhun fulawar da ya je layi karɓowa jiya yana jingine a bakin tanti, ba wanda ya yarda ya taɓa shi.

Maƙwabciyarta Ummu Nidal ta shigo da butar gahawa baƙa ƙirin. Ummu Wasim ta kurɓa ta tofar.

"Ɗauke min wannan ɗacin. Ango gare ni yau."

"Ki yi wa Allah, 'yar'uwa," in ji Ummu Nidal. "An ce an kai wa sojojin Isra'ila hari da asuba, an kashe musu mutane. Garin ba lafiya. Bari a kai shi a hankali."

Ko kallo ba ta ishe ta ba.

A kusurwar tanti 'yarta Tala na kwance, ƙafar hagu a naɗe, ta fara wari. Likita bai ɓoye musu ba: in aka tsagaita wuta aka buɗe iyakar Masar a makon nan, za a fita da ita a ceci ƙafar. In ba haka ba, sai a yanke ƙafar. Rediyo kuwa tun jiya yake cewa masu sulhu a Alƙahira sun kusa, saura ƙiris.

Abokan ango suka iso. Ruwan wanka babu, dattawa kuma suka ce irinsa ba ya bukata. Uwar ta taje masa gashi da hannunta, ta zazzage masa turaren kaf. Wasim da bakinsa ba ya hutawa, yau ya bar ta ta yi yadda take so.

Samari suka ɗaga shi a kafaɗa, yadda ake yi wa kowane ango a nan, suka ratsa tsakanin tantuna suna rera waƙar angonci. Ummu Wasim ta shige gaba tana watsa dabino. Sai ta kai hannu baki ta rangaɗa guɗa, doguwa, mai kaifi, wadda ta yi masa alkawari tun yana shan nono. Mata suka amsa.

Nan fa Haisam ya ɓullo, wani mai ɗaukar hoto da ke aika wa wata tashar talabijin ta ƙetare aiki. Yana tafiya da baya da baya a gabanta.

"Hajiya, ƙara ɗaya! Ɗaga kai!"

Ta ƙara. Ba don shi ba.

Kafin la'asar, fuskarta ta zagaye duniya. A rumfar cajin waya mutane suka yi cirko-cirko a kan waya ɗaya. Ga ta nan, baki buɗe, ido jawur, dabino na tashi sama. Wani tsohon malamin makaranta ya fassara musu rubutun ƙasa: murna ta ɓarke a Gaza bayan kashe sojoji.

Wani mai magana da yawun can ɓangaren ya ɗaga hoton a gaban 'yan jarida ya ce, ku duba da wa ake so mu yi sulhu. Na nan ɓangaren ma bai bari ya wuce shi ba, ya ce ga uwar jarumai, mutanenmu ba su gaji ba. Kai, duniya da mugunta! Cikinsu ba wanda ya tambayi sunanta. Kafin rana ta faɗi an kira wakilai gida, an ɗage zaman sai abin da hali ya yi.

Ummu Wasim ta dawo tanti ta tarar da idanu na jiranta. Matan da suka amsa mata guɗa da safe su ne suka fara.

"Sannu da zuwa, tauraruwa," in ji wata. "Kin ci mana sulhu da bakinki."

"Na faɗa miki," in ji Ummu Nidal, ta juya mata baya.

Tala ta ɗago daga shimfiɗa. "Umma, sun sa hannu?"

Ma'aikacin asibiti ya riga ya aiko cewa a kawo yarinyar ɗakin tiyata gobe, kada ta ci komai.

Ummu Wasim ta fita ba takalmi. A rumfar cajin ta iske Haisam, ta shaƙe wuyan rigarsa a gaban kowa.

"Kai, mara tsoron Allah! Fuskata kaɗai ka gani? Me ya hana ka nuna musu angon?"

Haisam ya sunkuyar da kai.

"Wallahi na aika har da shi, Hajiya. Su suka yanke. Sun ce dokar tasharsu ta hana nuna gawa."