Abin da Ya Fitar da Hatim

Hatim ya tarar da Tagwa a ƙofar shagon ɗinkin da take aiki a unguwar Ainu Shams, a birnin Alƙahira. Ya riga ya ji labari: baffanta ya rantse ba zai ba ɗan kwaminis auren 'yar ƙaninsa ba.

"Ai na bar jam'iyyar, Tagwa," ya ce a hankali.

Ta ɗago ido, babu murmushi. "Saboda ni? Wallahi ba na son mijin da zai yar da ra'ayinsa don a ba shi mata."

Ya girgiza kai, ya ba ta labarin shigarsa jam'iyyar tun a Sudan. Mahaifinsa ya tsufa yana tsinkar audugar wasu, ana kiransa baƙo a garin haihuwarsa. 'Yan jam'iyya ne suka fara ba tsohon kujera, suka kira shi ɗan'uwa.

"To, me ya fitar da kai?"

"Aminina Hasan ya yi wa shugabanni tambaya a taro, aka kore shi, aka ce kada kowa ya ƙara gaishe shi. Bara ya kwanta asibiti, suka hana ni zuwa dubiya. Na je abina, ban sake komawa wajensu ba."

Tagwa ta daɗe tana kallonsa, har kunya ta sa shi ya sunkuyar da kai.

"Khalas, shi ke nan. Ka zo Juma'a bayan la'asar, ka faɗa wa Baffa yadda ka faɗa mini." Ta ɗan harare shi tana danne dariya. "Amma kada ka yi masa laccar haƙƙin ma'aikata. Ni zan jure, shi kuwa hawan jini gare shi."