Kwamfutar da Fuskarta ta Mutu

Fuskar kwamfutar ta yi baƙi ƙirin ana gab da kiransa ya kare kundin digirinsa. Ɗalibin ya rungume ta ya ruga ofishin masu taimaka wa ɗalibai da kwamfuta, gumi ya jiƙa sabuwar rigarsa sharkaf.

Wata mata kaɗai ya tarar a bayan tebur.

"Anti, duk aikina yana ciki, kuma ban ajiye shi ko'ina ba."

Ta kara kunne a jikin na'urar. "Tana numfashi, ƙanena. Fuskar ce kawai ta mutu. Zauna."

Ta sa shi ya buga kalmar sirrinsa, ta soka filashi, ta danna wasu maɓallai. Sai ga kwamfutar tana magana, tana karanto sunayen fayiloli. Yatsun matar suka bi muryar ba gargada har aikin ya koma filashin, ta miƙa masa.

"Anti, yaya kika yi alhali ba a ganin komai?"

Ta yi dariya, ta laluba ta gyara farar sandarta da ke jingine da kujera.

"Ƙanena, ni ai duk kwamfutocin duniya haka fuskarsu take."