Jar Ƙasar Faransa

Alhaji Mijinyawa ya hana kowa taka filin da silifa. Shi ne shugaban gasar tanis ta ƙwararrun mata, kuma mako guda ke nan Bauchi ba ta huta da labarin jar ƙasar da ya sa aka shimfiɗa ba.

"Daga Faransa ta zo," in ji shi, yana murza ta a yatsu kamar mai tayin lalle. "Ku tambayi Babayo ɗan kwangila. Wadda ta saba da tsakar gidan ƙauye ta je ta yi langa."

Da Matta yake, 'yar Zungur, mai tafin hannu duk kanta da farce ja. Duk wadda ta ci wasan ƙarshe ita za ta wakilci jiha a gasar ƙasa, shekarun Matta kuwa ba za su sake ba ta wata dama ba. Abokiyar karawarta Saudatu ce, 'yar wan Alhaji, mai raket uku na dukan ƙwallo da jaka guda ta tawul kawai.

Kafin a fara, Matta ta nuna kusurwar gabas.

"Ranka ya daɗe, da an share can. Ƙasar wurin ba ta yi laushi ba."

"Ji min ƙarfin hali, ɓarawo da sallama! Ke ko filin jirgi kin taɓa gani?"

Aka yi dariya, aka fara. Matta ta yi ta aika ƙwallo kusurwar nan kamar mai zuba wa kaji dawa. Sau uku Saudatu tana shan ƙasa, farin siket ya koma ruwan goro. Ita kuwa 'yar ƙauyen sulalewa take, ta tsaya cak inda ta ga dama.

Ta ci.

Alhaji ya miƙa kofi da fuskar wanda ya tauna maɗaci, ya juya ga 'yan jarida.

"Kun ga albarkar ƙasar Turai? Ko baƙauya ta taka sai ta zama mutum. Faɗa musu, yarinya, ina kika taɓa ganin irinta?"

Matta ta rusuna, ta buɗe hannu. Guntun bakin tulu ne da ta tsinta a kusurwar, har da zanensa.

"A bayan ɗakin mamata, ranka ya daɗe. Fasassun tukwanenta ne Malam Babayo ya sa na daka, kuma buhun kusurwar can shi ne na ƙarshe, hannuna ya riga ya gaji."