Koton Gashin Zabo

Maccido ya kafa gora a laka ya tura jirgi, kafaɗarsa ta amsa da ciwon nan da bai sake shi ba tun damina. Shekarunsa sun wuce na tuƙa mutum yini guda, amma yau ba shi da zaɓi. A goshin jirgin Bature ne zaune da sandar fatsa, farar hularsa mai tambari ta sauko masa har gira.

Jiya masinja ya zo daga Rabah da saƙo, Di'o, Baturen mulki, yana son jirgi da asuba. Zai yi fatsa a gulbin Rima, in ya gama ya shiga gari. Kowa ya san ma'anar shiga garin. Shekarar diban gwamna ce, ana kwasar samari zuwa haƙar kuza a Jos. Cikin waɗanda aka ɗiba bara wasu sun dawo da tari, wasu ko labarinsu babu. Maccido kuwa ɗa ɗaya ya rage masa, Mu'azu.

Mu'azu ya so ya gudu tun jiyan, uban ya hana. Ya ce saurayi shi kaɗai a hanya dogarin farko zai cafke shi. Gara yaron ya bari ayarin fataken albasa na Goronyo ya biyo da la'asar, shi da sauran samari su saje da masu jakuna. Shi kuma zai riƙe Di'o a kan ruwa har rana ta karkata. Laraba, uwar yaron, hankalinta bai kwanta ba.

Da asuba Maccido ya tarar da jan dokin Di'o, wanda aka sani daga Wurno har Goronyo, ɗaure a gindin tsamiya. Ya zube gaban Baturen da ya zo da dokin, ya yi gaisuwa kansa a ƙasa kamar yadda ake yi.

Da suka kai gurbi mai zurfi, Bature ya buɗe wani ɗan gwangwani. Tsofaffin koton ƙarya ne a ciki, gashin tsuntsu ɗaure a ƙugiya, duk sun koɗe. Cikin Hausarsa mai gauraye da Fillanci ya ce na ubansa ne, da su ya kama manyan kifaye a tekun ƙasarsu mai gishiri. Maccido ya ce madalla. A zuci kuwa ya san giwan ruwan Rima bai san uban kowa ba.

Haka kuwa aka yi. Har hantsi ya dubi ludayi ko tarwaɗa ba ta leƙo ba. Bature ya fara hamma. Ya bar kallon ruwa ya koma kallon shanun da suka sauko shan ruwa, yana tambayar na wane ne, tun yaushe waccan take ɗingishi. Can ya soma naɗe igiya. Maccido ya ga tashi zai yi.

Sai ya ciro abin da ya haɗa jiya daga aljihu, ya ɗaura wa Bature a igiya da hannunsa. Gashin zabo ne da wani yankin gwangwani da ya goge da yashi har yana ƙyalli, ya ɗaure su da jan zaren da ya zare daga zanen Laraba. Ƙugiyar tana ɓoye cikin gashin, ya kuwa dakushe bakinta da dutse yadda ba za ta riƙe komai ba. Tsohon masunci ne, ya san mai fatsa in ya kama kifi gida yake tafiya. Wanda kifi ya kuɓuce masa ne ba ya tashi.

Jifa na farko ruwa ya dare, wani ƙaton giwan ruwa ya fizgi koton, sanda ta lanƙwashe, sai ya saki. Bature ya miƙe har jirgi ya nemi kifewa. Ya sake jifa. Kifi ya sake fizga, ya sake saki.

Rana ta take tsaka, ta gasa su son ranta. Tafin hannun Maccido ya yi bororo, bakinsa ya bushe, azahar ma a zaune ya yi ta. Ya gaji da ruwa, ya gaji da Turawa, ya gaji da murmushin dole. Sau ɗaya Bature ya kai hannu zai duba ƙugiyar.

"Ranka shi daɗe, ba a taɓa wanga koto in kihi ya lasa," in ji Maccido. "Shina jin warin mutum."

Bature ya janye hannu kamar wanda ya taɓa garwashi.

Da inuwa ta miƙe, sai ya jiyo kukan jakuna can ta hanyar Goronyo. Ya yi hamdala a ransa. Bai yi gaggawa ba, ya bari sai da kukan ya yi nisa ya ɓace, sannan ya juya jirgi.

Bakin gulbi tsit. Babu mata masu wanki, babu yara masu ninƙaya. Maccido ya ɗauka alamar alheri ce, kowa ya je rakiya.

Bature ya sauka yana dariya, fuskarsa ja wur, ya ce bai kama komai ba amma bai taɓa yini mai daɗi irin wannan ba. Maccido ya durƙusa da ƙyar.

"Allah shi ja zamanin Di'o."

Bature ya ƙara ƙyalƙyalewa da dariya, ya kwance doki.

"A'a, Baba, ni likitan shanu ne. Di'o ya ara mini doki da hula, ya ce in yini a ruwa, shi yana da aiki a garinku tun da safe."