Rijiya Cike, Garke da Ƙishi

Nafi'u, ajiye wayar nan ka zauna, wannan kai-komon naka ya sa ni ma na kasa natsuwa. Na ji bayaninka. Kamfaninku ya kama wuri a rumbun ajiya na intanet, wanda ake kira girgije, an kuma tabbatar maka ba ya cika. Wannan na yarda. Abin da ban yarda da shi ba shi ne tsohuwar kwamfutar da kake son dasawa a matsayin ƙofa, wadda duk fayil ɗin da ma'aikata za su ajiye ko su ɗauko sai ya bi ta cikinta. Ƙwaƙwalwarta kaɗan, faifan ajiyarta ƙarami, layin intanet da za ta hau siriri, kai kuma sai cewa kake ai hanya ce kawai. To saurara.

An yi wani mutum can arewa, gidansa a bakin burtali, inda makiyaya ke bi da shanu idan rani ya tsananta. Ya tattara abin hannunsa kaf ya sa aka haƙa masa rijiya mai zurfi, aka kuma dace da ruwa mai ƙarfi, wanda ko an wuni ana ja ba ya nuna an taɓa shi. Murna ta hana shi zama. Duk kasuwar da ya shiga sai ya ba da labarin rijiyarsa, har ya aika wa shugabannin makiyaya cewa bana kada wanda ya wahalar da garkensa zuwa gulbi, ga ruwa a kan hanya. Masu haƙa sun ba shi shawara ya gina babban kwami na siminti da za a riƙa cikawa tun kafin dabbobi su iso, ya kuma ƙara wasaki da sa na biyu mai jan ruwa. Ya yi musu dariya, wai wa ya taɓa tara ruwa a bakin rijiyar da ba ta ƙafewa. Wata safiya mai sanyi ya gwada da 'yan shanunsa na gida, ya ga ɗan kwamin itace da wasaki guda da sa ɗaya mai ja sun ishe su har da saura. A wurinsa an gama awo ke nan.

Sai ga ranar da ya gayyato ta zo. Rana ta take, ƙura ta tashi daga gabas, wata ta tashi daga arewa, garke bayan garke, duk a lokaci guda, domin ƙishirwa ba ta san a bi layi ba. Shanun sun kwana biyu rabonsu da ruwa, da suka ji ƙamshinsa babu sandar da ta iya tare su. Sa ya ja, wasaki ya fito, aka juye, kafin ruwan ya kwanta a kwami an shanye. Mutumin ya ruga ya aro wasaki na biyu, sai ya tuna sa ɗaya ne zai ja. Ya ruga ya kwaso kwanonin girkin matarsa ya jera, shanu suka tattake su. Ya dawo kan san nan da bulala, je ka, dawo, je ka, dawo, shi kansa zufa har cikin ido. Matarsa ta fito ta roƙe shi ya ba dabbar ko da wasaki ɗaya ta sha ta huta, ya daka mata tsawa, wai ba ta ga idon mutane a kansa ba, kowane ɗigo da mai shi. Wallahi nan ne yake ba ni haushi, nan ne kuma yake ba ni tausayi.

Ana cikin turereniya kwamin ya tsage, abin da ke ciki ya bi rairayi. Mutumin bai gama salati ba san ya durƙusa a tsakiyar hanyar ja, harshe waje, igiya ta kuɓuce, wasaki ya koma ƙasa da nauyinsa. Ya doki san, ya roƙe shi, ya ɗaga masa wutsiya, sa bai tashi ba. Ya leƙa rijiya, ga ruwa can yana ƙyalli, cike fal kamar ranar da aka haƙa. Wani dattijon ardo, shugaban garke mafi girma, ya zo ya tsaya a kansa, bai ko ɗaga murya ba ya ce, "Mun bar hanyar gulbi saboda maganarka. Yanzu gaya mini abin da zan faɗa wa masu shanun nan." Makiyayan suka kaɗa dabbobinsu suka juya cikin zafin rana, 'yan maruƙan da ba su da sauran ƙarfi suka riƙa faɗuwa a hanya. Daga shekarar nan burtalin ya kauce wa gidansa.

To kai ma, ƙanena, ranar Litinin da safe ma'aikatanku gaba ɗaya za su iso maka, kowa da aikin da ake jiransa da shi. Babu wanda zai tambaye ka girman rumbun da ke sama, abin da ya iso hannunsa zai duba. Ka auna na'urarka da ranar cunkoso, ka ba ta faifan da zai riƙe abin da aka fi nema a kusa, da ƙwaƙwalwa da layin da za su ɗauki jan, ka bar mata sarari ta numfasa. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, da ruwan ciki ake jan na rijiya.