Baba Mai Rediyo Ya Shiga Koyon Sifaniyanci

Guntuwar takarda ce manne da salatef a jikin butar, an rubuta wata kalma da jan biro. Mai ɗinki ta juya butar, ta ja tsaki, ta ajiye. Akwai irinta a ƙofa, a kofi, a madubi, har a ƙafar gadon da tsohuwar take kwance.

Ba ta daɗe da tarewa a ɗakin da ke jikin na su Baba ba, amma bangon da ya raba su bai iya riƙe sirri ba. Matar Baba mai gyaran rediyo ta gamu da shanyewar ɓarin jiki tun kafin zuwanta gidan. Ba ta tashi, ba ta juyi, bakinta ya karkace, sai dai ta wuni tana gunguni marar kai da gindi. Ba su haihu ba, kuma ba a taɓa ganin wani nata ya zo dubiya ba. Don haka mai ɗinki ta ɗora wa kanta shiga kowace safiya, ta goge mata jiki, ta canja mata zane.

Shi kuwa gogan naka, a cikin wannan hali ne ya ga ya dace ya koyi Sifaniyanci.

Ba makaranta ya shiga ba, ina halin? Wata tsohuwar rediyo da mai ita ya yi watsi da ita ya farfaɗo, ya yi ta murɗawa har ya kamo tashar da ake yaren. In ya je gidan kallon ƙwallo, ba wasan yake bi ba, bakin mai sharhi yake bi. Katun na yara yake kallo a waya, da furfurarsa da komai, yana maimaita abin da agwagwa ta ce wa kare. Da yaren yake ƙirga notina a shago, da shi yake gaida kansa a madubi in yana aske gemu, ya kuma amsa wa kansa. Waƙoƙinsu kuwa yana jan su da murya kamar ƙofar da ta daɗe ba ta ga mai ba. Yaran layi suka samu abin yi, suna binsa suna kwaikwayo.

Mai ɗinki ba ta ga abin dariya ba. Haka ubanta ya fara, da fito da sabon turare, lokacin da uwarta take jinya, daga baya ya sa kai ya bar su. Ta san alamar namijin da ya gaji.

Matar mai aski ce ta ƙarasa mata zancen ranar da ta kawo ɗinki. Wai an tambayi Baba dalili, ya ce akwai matar da yake so ya yi magana da ita, ba ta jin wani yare sai wannan, kuma lokaci yana ƙure masa. Da bakinsa ya faɗa, ko kunya babu.

Tun daga ranar mai ɗinki ta ɗaura ɗamara. In ta shiga ta tarar ya bar rediyon tana ta zuba a kusa da matashin mara lafiya, sai ta kashe. Tsohuwar ta dinga bin hannunta da ido, hawaye na gangarowa cikin kunnenta.

"Yi haƙuri, Inna," in ji mai ɗinki tana share mata. "Na san cin fuska ne. Muddin ina gidan nan ba za ki ƙara jin yaren matar nan ba."

Ta taɓa kama shi ya kara waya a bakin baiwar Allah, ya duba fuskar wayar, ya girgiza kai. Har mara lafiya ta zama abin wasansa ke nan. Daga nan ta daina gaishe shi.

Sai tsohuwar ta daina karɓar abinci. Likitan unguwa ya zo, ya duba, ya ja Baba gefe ya ce a yi ta addu'a, babu nisa. Washegari mai ɗinki ta shigo da ruwan ɗumi, ta same shi zaune a bakin gado, tabarau a karan hanci, yana harhaɗa kalmomi ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsallaka kwata.

Ta dire robar har ruwan ya fantsama.

"Baba, ba ka jin tsoron Allah? A kan gadon mutuwarta ma? Ka bari a rufe ta mana, sai ka tafi wurin waccan."

Bai ɗago ba. Ya riƙe hannun matarsa, ya sake jero maganar a hankali.

Tsohuwar ta buɗe ido. Gungunin nan da mai ɗinki ta saba ji ya fito, amma yau da ta kasa kunne sai ta ji yana hawa yana sauka daidai da muryar da take kashewa a rediyo. Tsohuwar ta yi magana mai tsawo, ta tsaya, tana jiran amsa. Baba ya cire tabarau.

Mai ɗinki ta matso kusa da shi. "Me ta ce?"

"Yaren uwarta ne, 'yar nan. Da shi a bakinta na auro ta, ta koyi nawa har kowa ya manta ba 'yar ƙasar nan ba ce. Ciwon ya kwashe mata Hausa kaf, ya bar mata wannan. Ko waya ta kasa fassara min maganarta. Yau ne na fara gane ta." Ya dubi matarsa. "Cewa ta yi in na ga mijinta in tambaye shi laifin me ta yi masa, kullum tana yi masa magana, ya daina amsa mata."